Maki Biyu Kacal: Nazarin Lamarin Ɗalibar da Ta Rataya Ƙimarta a Wuyan Sakamako

Wannan nazari ya bi diddigin wata ɗaliba 'yar shekara 22 mai karatun likita a wata jami'a da ke birnin Kano, tun daga ranar da ta faɗi jarrabawa karo na farko a rayuwarta har wata goma sha biyar bayan nan. An sakaya sunanta da na makarantarta da asibitin da aka duba ta, an cire shekara, watanni kawai aka bari. Abin da ake son ganowa shi ne dalilin da ya sa faɗuwar da wasu suka karkaɗe riga suka wuce, ita ta kusa kai ta ƙasa.

Asali

Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai, gidansu na cikin Badala, mahaifinta yana sayar da atamfa a Kwari. Tun tana aji biyu na firamare take ɗaukar na ɗaya, a boko da islamiyya duka, ta kuma yi sauka tana shekara 13. Duk ƙarshen zango Abbanta kan tafi da katin sakamakonta shago ya nuna wa maƙwabta, ya dawo da tsire. Sau ɗaya ta zo ta uku, a aji biyu na ƙaramar sakandare. Ba duka, ba faɗa. Ya duba katin, ya ninke, ya miƙa wa Umma, ya ce, “To, Allah Ya kyauta,” har aka gama cin tuwon dare bai sake magana ba. Shekara tara bayan nan tana iya faɗar kalar tabarmar da suke zaune a kai.

Da ta gama sakandare Baffanta ya kawo maganar aure. Abba ya tsaya kai da fata cewa wannan likita za ta zama, sannan ya kira ta gefe ya ce, “Ki fitar da ni kunya.” Daga nan sunanta ya kusa ɓacewa a gidan, kowa Likita yake kiran ta.

Halinta kuwa kowa ya shaida. Ba ta makara, ba ta barin aiki rabi, littattafanta da biro kala uku take rubuta su. Tun tana ƙarama mai yawan tunani ce, cikinta kan ɗuri ruwa kwana biyu kafin kowace jarrabawa. Ba ta son taro, ƙawayenta ba su wuce biyu ba, kuma ba ta iya ce wa mutum a'a.

Fabrairu: maki 48

A jarrabawar da ake rufe karatun aji da ita kafin a shiga asibiti koyon aiki, makin ci 50 ne. Ta haye darussa biyu da rata mai yawa, ta samu 48 a ilimin sinadaran jiki. Ƙa'ida ta ba ta damar zaman gyara, wanda ɗalibai ke kira risit, bayan 'yan watanni.

Tana ganin allon sanarwa ta tari adaidaita sahu ta wuce gidan Gwaggonta, ta kwana uku a can da sunan zazzaɓi, ba ta ɗaukar wayar gida. Abin da ta faɗa daga baya game da kwanakin nan shi ne: “Asirina ne ya tonu. Dama can ba ni da komai, yanzu kowa ya gani.”

Abokiyar ɗakinta, ita ma mai ƙwazo da tsari, ta faɗi darasin nan da maki 45. Ta sha kuka a daren, gari na wayewa ta kira mahaifiyarta ta gaya mata, ta nemo tambayoyin shekarun baya ta zauna a kansu.

Maris zuwa Mayu: abin da aka gwada a gida

Maganin da ta fara yi wa kanta shi ne ƙarin aiki. Awa takwas na karatu suka koma 13 zuwa 14 a rana, da kofi huɗu na Nescafe da gwangwanin lemon ƙara kuzari. Barci ya dawo awa huɗu. Ta daina zuwa biki da suna, ta ajiye tilawar da take yi bayan asuba. Salon karatun ma ya lalace: shafi ɗaya sai ta maimaita sau biyar, amma tambayoyin baya ta ƙi taɓa su, domin kuskure ɗaya a takarda ji take kamar an yanke mata hukunci. Alhali gwada kai da tambaya ya fi maimaita karatu zaunar da ilimi. Tsoro ya sa ta ninka wahala, ta kuma zaɓi hanya mafi ƙarancin amfani.

Da ciwon kai da bugun zuciya da rama suka bayyana, aka kai ta kyamis. Sau biyu aka ba ta maganin maleriya da taifot ba tare da gwajin jini ba. A karo na uku aka haɗa mata da diazepam, ƙwayar kwantar da hankali da sa barci, miligiram 5 da dare. Barci ya zo, amma takan tashi da nauyin kai, abin da ta karanta jiya ya zube.

Gwaggo ta ce baki ne ya kama ta, aka yi rubutu da tofi. Addu'a takan sanyaya mata zuciya ƙwarai, ita da kanta ta faɗa. Sai dai bayanin da ya zo tare da ita, cewa mahassada ne suka sa mata ido saboda ta fi kowa, ya ƙara jaddada mata cewa fin kowa ɗin nan shi ne ita. Umma ta riƙa lallashi da cewa, “Ke ce fa haziƙar gidan nan.” Abba ya ɗauko mai koyar da ita a gida, ya yi alkawarin sabuwar kwamfuta idan ta ci. Kowa don ƙauna ya yi, kuma kowa sakamakon yake nuna mata da yatsa.

Yuni da Yuli: ta ci, sauƙin ya yi kwana huɗu

Ta ci risit da maki 64. Aka yi murna, kwamfuta ta iso. Kwana huɗu tana barci tana dariya. A na biyar ta fara cewa sa'a ce, tambayoyin ne suka zo da sauƙi.

Shigarta asibiti koyon aiki ya tsananta abin. A zagayen ɗakin marasa lafiya babban likita kan jefo tambaya a gaban kowa, wato kowace safiya ta zama ranar jarrabawa. A watan Yuli ta ƙi halartar zagaye tara. Yayarta ce ta same ta tana kuka a banɗaki da farar riga a jikinta, ta ce sai sun ga likita. Amsar farko ita ce, “Yaya, Dawanau za ki kai ni?” Asibitin masu taɓin hankali take nufi. Sai da aka yi mako ana rarrashi kafin ta yarda.

Agusta: gwaji da awo

An fara da jiki. Gwajin jini ya nuna ɗan ƙarancin jini kawai, maƙoƙo lafiya, nauyi ya ragu da kilo biyar tun Fabrairu. Likita ya tsara janye diazepam sannu a hankali cikin mako huɗu, domin yanke shi farat ɗaya bayan an saba yana iya dawo da fargaba da rashin barci fiye da da. Kofi ya koma ɗaya, kafin azahar.

A ma'aunin baƙin ciki na PHQ-9 ta samu 14 cikin 27, matsakaici ke nan. A na fargaba, GAD-7, ta samu 15 cikin 21, wato mai tsanani. A ma'aunin ganin darajar kai mai tambaya goma da Morris Rosenberg ya fitar a 1965 ta samu 11 cikin 30. An tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Ta ce takan ji da ma ba ta nan, amma ba ta taɓa shirya komai ba. Aka rubuta wanda za ta kira idan tunanin ya yi ƙarfi, aka sanar da Yayarta da izininta. An yanke a fara da maganin tattaunawa, a sake duba batun ƙwaya bayan mako huɗu.

Sai awon hali. Masana ɗabi'a sukan kasa halin ɗan Adam gida biyar: himma da tsari, saurin damuwa, son shiga jama'a, sauƙin hali, da son sabon abu. An yi amfani da takarda mai tambaya 44, kowane gida daga 1 zuwa 5. Himma ta ba ta 4.6, saurin damuwa 4.3, sauƙin hali 4.1, son sabon abu 3.2, shiga jama'a 2.1. Irin wannan takarda a ƙasashen waje aka tsara ta, don haka ba a karanta lambar ita kaɗai, sai an gwama da hira da shaidar dangi. A nan duka ukun sun yi daidai. Abokiyar ɗakin, wadda ta rako ta, ta nemi ita ma ta cike: himmarta 4.4, saurin damuwarta 2.3.

Awo na ƙarshe shi ne inda ta ajiye ƙimarta. Masana ɗabi'a Jennifer Crocker da Connie Wolfe sun bayyana a 2001 cewa sanin ko mutum yana ganin darajar kansa bai wadatar ba, sai an san a kan me ya jingina ta. Ma'aunin da Crocker da abokan aikinta suka fitar a 2003 ya ware wurare bakwai: ƙoƙari a karatu, fin wasu, yardar mutane, kyan sura, goyon bayan dangi, kyawun ɗabi'a, da ƙaunar Ubangiji. A wani bincikensu na 2002 a Jami'ar Michigan ta Amurka, ɗaliban da suka jingina ƙimarsu da karatu su ne darajar kansu ta fi hawa ranar da aka ba su gurbin ƙaro ilimi, ta fi faɗuwa ranar da aka hana su.

Haka aka gani a littafin awon da aka sa ta riƙa cikewa. Mako biyu tana ba kanta maki daga 0 zuwa 10 kowane dare a kan jimlar “ina da daraja a matsayina na mutum”. Ranar da ta amsa tambaya daidai 8 ne, ranar da ta yi inda-inda 1. Aka zana mata da'ira kamar faifai, aka ce ta raba shi gwargwadon abubuwan da take auna kanta da su. Karatu ya cinye kashi 80, yardar Abba 15, sauran rayuwa gaba ɗaya 5. Da aka tambaye ta yardar Abban a kan me ta tsaya, ta yi shiru, sannan ta ce karatu.

Satumba zuwa Nuwamba: zama 12

An yi zama ɗaya a mako, minti 50, bisa tsarin gyaran tunani da ɗabi'a da ake yi wa masu matsanancin son kamala. Zama ukun farko ba su haifar da ɗa mai ido ba. Da aka ce ta sassauta wa kanta, ji ta yi ana cewa ta zama malalaciya, ta kusa daina zuwa. Da aka ba ta kalmomin ƙarfafa gwiwa ta riƙa maimaitawa, makinta na dare ya sauka, domin duk “ni mai daraja ce” da ta furta sai zuciyarta ta kawo hujja goma ta ƙaryata. Joanne Wood da abokan aikinta a Kanada sun nuna irin wannan koma-baya a 2009 ga masu ƙarancin ganin darajar kai. Littafin awon ma ya zama wani aikin gida, har sake kwafe shi take yi don rubutun ya fita tsaf. PHQ-9 a mako na huɗu 13 ne.

Daga zama na huɗu aka bar gardama da tunaninta, aka koma gwaji, wanda shi ne yaren da ɗalibar kimiyya take ji. Ƙa'idar ita ce ta rubuta hasashenta da lamba kafin gwaji, ta rubuta abin da ya faru bayansa.

Gwaji na farko a kan awannin karatu ne. Ƙaramar jarrabawa ɗaya ta shirya mata yadda ta saba, awa 13 a rana da maimaici. Ta gaba kuma awa bakwai, rabinsu amsa tambayoyi, kwanciya ƙarfe 11. Ta yi hasashen ba za ta kai 40 ba. Ta samu 61 a tsohon salo, 66 a sabo. Ta ce sau ɗaya ba hujja ba ne, kuma gaskiyarta, don haka aka maimaita sau uku. Sabon salo bai taɓa sauka ƙasa da 58 ba.

Na biyu ya fi wuya. An nemi ranar da ba ta san amsa ba ta ɗaga kai ta ce, “Ban sani ba, Yallaɓai, zan duba.” Hasashenta kashi 90 za a yi mata dariya. Ta yi mako biyu tana kasawa. Ranar da ta faɗa, tafin hannunta jiƙe da gumi, likitan ya ce ta karanto gobe, ya juya ga na kusa da ita. Aka sa ta ƙirga sau nawa wasu suka faɗi haka a mako guda. Sau 11, kuma ba wanda ya faɗi a idonta cikinsu. A nan ta fara ganin cewa mudu biyu gare ta, ɗaya na awon mutane, ɗaya nata.

Faɗaɗa faifan ya zo ta wata tambaya: wa ta fi ganin girmansa a danginsu? Ta ce kakarta, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Me ya ba ta girman? Haƙuri, riƙon amana, karamci, abubuwan da Bahaushe ke duba kafin ya ce wane mutumin kirki ne. Ita ce ma da kanta ta kawo aya ta 70 ta Suratul Isra'i, inda Allah Ya ce Ya girmama 'yan Adam, ta ce ta haddace ta tun tana yarinya amma ba ta taɓa sa kanta a ciki ba. Aka sa abubuwa a jadawali kamar darasi: yammacin Juma'a a gidan kaka, rabin awa na tilawa bayan asuba, fita ɗaya da ƙawa a mako. Haɗarin wannan mataki shi ne sababbin abubuwan su zama sabon allon maki, kuma hakan ya faru, ta fara lissafin shafukan tilawa tana jin haushi idan sun gaza. Aka hana ƙirga shafi, agogo kawai.

Saurin damuwar kuwa an yi masa shinge. Minti 20 bayan la'asar su ne lokacin tunani, da biro da takarda. Damuwar da ta zo a wani lokaci a rubuta ta a ajiye. Littafi ba ya hawa gado.

A zama na takwas aka gayyato iyaye. Abba ya zo da ƙyar, ya bar yaro a shago. Ta ba da labarin katin da ya ninke. Bai ma tuna ranar ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Ko yau kika ajiye karatun nan, ke 'yata ce.” An bayyana musu abin da binciken Avi Assor da Guy Roth da Edward Deci na 2004 ya nuna: yaron da yake jin ana ƙara masa ƙauna idan ya yi nasara ana janyewa idan ya gaza, yakan yi abin da ake so ɗin, amma da matsin ciki, farin cikin nasararsa gajere ne, kunyar gazawarsa mai zurfi. Abu uku aka roƙa: a kira ta da sunanta a gida, a tambayi yadda ta wuni kafin a tambayi jarrabawa, a raba kyauta da maki. Maganar Abba ba ta shige ta nan take ba. Maimaituwar waɗannan ƙananan abubuwa mako bayan mako ce ta sa ta fara gaskatawa. Baffa da Gwaggo ba su daina cewa Likita ba, Abba ma ya ɗan koma gidan jiya a Disamba sai da Umma ta tuna masa.

A zama na 12, PHQ-9 ya sauka zuwa 7, GAD-7 zuwa 9. Ba a kai ga ƙwaya ba.

Mayu: wata shida bayan sallama

A watan Maris ta samu 47 a gwajin ƙarshen zagaye a sashen yara. Ta gaya wa Umma a ranar. Kwana biyu ta yi cikin ƙunci, makinta na dare ya sauka zuwa 4, ta ci abinci, ta yi barci, ta sake gwajin ta haye. A awon Mayu PHQ-9 ya nuna 5, GAD-7 ya nuna 8, Rosenberg 19. Barci awa bakwai, karatu bakwai zuwa takwas, kilo huɗu sun dawo. A faifai karatu ya koma kashi 45. Himma 4.5, saurin damuwa 3.7.

Hukunci

Himma ba ta da laifi a wannan lamari. Abokiyar ɗakin tana da irinta, ta faɗi da makin da ya fi muni, himmar ce ma ta tashe ta. Bitar bincike masu yawa ta nuna son kamala fuska biyu gare shi: kafa wa kai babban buri, wanda ke tafiya da himma, da tsoron kuskure da na abin da mutane za su ce, wanda ke tafiya da saurin damuwa. Ɗalibar tana ɗauke da duka biyun. Saurin damuwa ya sa shirun dare ɗaya ya zame mata doka. Sauƙin hali ya sa ta karɓi burin mahaifinta a matsayin bashi. Rashin shiga jama'a ya rage mata wuraren da za ta ga ana son ta ba don maki ba. Himma kuma ta riƙa kawo nasarar da ta ɓoye matsalar shekara da shekaru, shi ya sa ba wanda ya lura sai da aka samu giɓin maki biyu.

Abin da ya haɗa yunƙurin da suka gaza shi ne duk sun bar sharaɗin a inda yake. Yabo da alkawarin kyauta da ƙarin awanni, har cin risit ɗin kansa, biyan sharaɗin suka yi na ɗan lokaci. Waɗanda suka yi aiki su ne suka ba ta damar gazawa ƙarama a fili ta ga ba abin da ya rushe, suka kuma ƙara ginshiƙan da ƙimarta ke tsaye a kai. Kuskuren masu kula da ita a farko shi ne taɓa burinta. Da an fara da gwaji tun zama na ɗaya, da ba a yi asarar mako uku ba.

Ana cewa hali zanen dutse, kuma awon ya gaskata rabin maganar, tunda himmarta kusan ba ta motsa ba. Amma saurin damuwa ya sauka, wanda ya dace da bitar bincike 207 da Brent Roberts da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, inda suka ga wannan gida na hali ne ya fi sauyawa da magani. Duk da haka 3.7 ba ƙarami ba ne, kuma lamari ɗaya ba ya zama ƙa'ida ga kowa. Shekarar aikin horo bayan kammala karatu, da kwanan asibiti da mutuwar marasa lafiya a hannunta, ita ce inda ake tsoron tsohon sharaɗin ya dawo da sabuwar riga. An sa mata ganawa duk wata uku har ta wuce wannan shekara, an kuma ba ta alamomi uku da za su sa ta dawo kafin lokaci: barci ƙasa da awa biyar dare uku a jere, guje wa zagaye, da ɓoye sakamako. Umma ta nemi a duba mata autarsu 'yar shekara 11, wadda ita ma ba ta taɓa zuwa ta biyu ba, kuma ta fara ciwon ciki ranar jarrabawa.